Inna Sahura da Sandunan da Ba Ta Ƙone Ba

Ana sallame asuba, tun zakarun Tungar Ɗinya ba su gama gardamarsu ba, Inna Sahura kan ɗaura zane ta kama hanyar lakwal. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan tafiya. Makarantar tana bakin gari, a hanyar da ta nufi Dumega. Azuzuwa huɗu ne na siminti, biyu na zana, sai wata rumfar kwano a bayansu wadda hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin. Wannan rumfa ita ce ofishinta. A nan take dafa abincin kantin, wato abincin rana da ake ba yara, domin kusan rabinsu daga rugar Fulani suke zuwa, kuma ruga ba ta kusa da za a je a ci a dawo.

Ta share, ta jera murhu uku, ta tsince shinkafa. Amma kafin ta ɗora tukunya, sai ta tsaya a bakin rumfa ta jira. Duk ɗan ruga da ya iso, ta wurinta yake fara biyowa, ya miƙa mata sandarsa da hannu biyu. Ɗan gari kuma ya zaro danƙon harbin tsuntsu daga aljihu ya rataye a ƙusa. Ba ta yi boko ba, ba ta rubuta sunan kowa, amma ka ɗauko sanda ka nuna mata, za ta gaya maka mai ita da sunan ubansa, har da ranar da ya yi kuka don an ƙwace masa nama. In an tashi da yamma kowa ya karɓi kayansa ya tafi.

Baƙo in ya gani sai ya ɗauka dokar gwamnati ce. Ina! Babu gwamnatin da ta san da ita. Abin ya samo asali ne daga wata kaka, lokacin girbi, shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma tunda Inna ta ajiye aiki a makon jiya, ya kamata a faɗi labarin tana ji da kunnenta.

A shekarar nan shanu sun shiga gonaki biyu kafin a gama kwashe hatsi. Manya suka yi cacar baki a gaban mai gari, aka sasanta, kowa ya koma gida yana ƙunƙuni. To, abin da babba ya faɗa yana cin tuwo, yaro yana gefe yana haɗiyewa tare da loma. Tsakanin makaranta da ruga akwai wani kwari da ruwa ke bi da damina, nan hanyoyi suka rabu. Nan yara suka mai da fagen daga. 'Yan ruga da sanduna, 'yan gari da danƙo. Kullum sai wani ya koma gida da kumburi, yaran da wasunsu ko haƙoran gaba ba su gama fitowa ba.

Daraktan makarantar a lokacin sabon zuwa ne daga Doso, ana ce masa Mushe Abdurrahman, wato Malam a bakin masu Faransanci. Mutumin kirki ne, yana son yara, sai dai a birni ya tashi. Wata Litinin ya jera yara, ya karɓe sanduna ashirin da uku da danƙo cikin kwano guda, ya sa aka kwaso su zuwa rumfa.

"Madam, ga icce," in ji shi. "Ki hura wuta da su, yara su ga hayaƙin, su san faɗa ya ƙare."

Sahura ta dubi sandunan, ta dube shi. "Mushe, wanga ba icce ba ne."

"To mene ne?"

"Sanda ce."

"Bon, sanda da icce ai duk ɗaya ne." Ya juya ya koma aji.

Ba ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya tashi kusa da ruga ya sani. Uba ne ke sarar wa ɗansa sanda, ya gasa ta, ya miƙar, ya shafe ta da man shanu, ya ba shi ranar da ya fara bin maruƙa. Ka ƙone ta, kamar ka shiga gidan mutum ka ƙone masa hula ne yana kallo. Sahura ta zuba karan dawa a murhu, hayaƙi ya turnuƙe, yara suka hango ta taga suka gaskata. Sandunan kuwa ta ɗaure su, ta taka turmi ta cusa su a saman rumfa, ta rufe da tsofaffin buhuna. Danƙon ta zuba a wata fasasshiyar tukunya. Niyyarta ta bar Mushe ya huce kwana biyu, sannan ta lallaɓa ta fahimtar da shi. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma wannan shirun shi ne kuskurenta na farko.

Na biyun ya fi ciwo. Tana da jika ɗan shekara goma, Mus'ab, wanda ko sauro ba ta so ya sauka a kansa. Ya gan ta lokacin da take kan turmi. Da aka tashi ya maƙale mata: "Kaka, tsuntsaye za su ƙare dawarmu. Ki ba ni nawa, ba wanda zai gani." Ta ƙi, ya roƙa, ta sake ƙi, ya kwaɓe fuska. Zuciyar kaka! Ta zaro danƙon ta cusa masa a aljihu, ta ce gona kaɗai.

Washegari a kwari aka sake kaurewa. 'Yan ruga sun zo da fushin an dafa shinkafa da sandunansu, an kuma ba su sun ci. Ana cikin dambe da jifa da hoge, sai dutse ya fito daga bayan sabara ya sami Yusuf ɗan Modibbo, malamin ruga, a saman idon hagu. Jini ya wanke masa fuska. A amalanke aka kai shi wurin likita a Dumega, aka ɗinke, aka naɗe. Likitan ya ce ba zai iya cewa komai game da idon ba sai kumburi ya sauka, ga shi kumburin ya haye har ya rufe ɗayan.

A ruga lissafin da aka yi mai sauƙi ne. An ƙwace wa 'ya'yanmu sanduna an ƙone, an bar 'yan gari da makami. Laraba ba ɗan ruga ko ɗaya da ya zo makaranta. Matan da ke kawo nono gari ba su shigo ba. Samarin ruga suka fara yawo biyar-biyar, na gari kuma suka fara zama a bakin rijiya ba tare da guga ba. Mai gari ya ce in an kai Juma'a a haka, zai aika a kira jandarma.

Sahura ta lura Mus'ab ya ture tuwo sau biyu. Ta ja shi bayan rumbu, ba ta ko tambaye shi ba, kallonsa kawai ta yi, sai yaron ya fashe da kuka. Ya ce shi ya harbi Yusuf. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, domin ta san abin da samari masu zafin kai za su iya yi wa yaro in suka gano da kansu. Ta kuma ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, don ita ta sa makamin a aljihunsa.

Uban yaron, ɗanta Bilyaminu, ɗan kasuwa ne mai shago a bakin tasha, yana cikin samarin da ke karantar da 'yan uwansu bayan la'asar. Da ya ji, sai ya ce, "Inna, ba wanda ya gan shi. Gobe in sa shi mota zuwa Dutsi wurin ƙanena, har abin ya lafa."

"Kai ne ba ka tara samari kana ce musu ƙarya haramun ce ba?"

"Ban ce ki yi ƙarya ba, Inna. Shiru na ce ki yi."

"Shiru na yi ran Litinin," in ji ta. "Ga abin da ya haifa mini."

Alhamis da hantsi ta taka turmi a gaban Mushe Abdurrahman ta sauko da damin sanduna. Ya tsaya baki buɗe.

"Ashe ba ki ƙone su ba?"

"Ban ƙone ba. In kora ce, ka jira in dawo."

Da ta gaya masa sauran, ya ce zai raka ta. Ta girgiza kai. "In sun ga takalmi da wando, magana ta zama ta gwamnati. Ka bar taubashiya ta tahi."

Ga wanda bai sani ba, Arawa da Fulani taubasai ne tun kaka da kakanni. Ba'are ya zagi Bafulatani a tsakiyar kasuwa, Bafulatani ya rama, a yi dariya a watse. Ba a fushi da taubashi, ba a kuma zub da jininsa. Wannan tsohuwar igiya ita kaɗai Sahura ta riƙe. Ta ɗora damin a ka, ta kama hannun Mus'ab, suka miƙi hanya rana tsaka. Da suka sauka kwari ta waiga, sai ga Bilyaminu yana tura babur ɗinsa a bayansu.

Samari huɗu suka tare su a bakin ruga. Ta ratsa ta tsakiyarsu kamar ba ta gan su ba, ta je har gindin gawon da Modibbo yake zaune da allonsa, ta jefar da damin a gabansa, tim.

"Bahillace, ga kayanku. Na duba na ga ko wake ba za su dafa ba. Sirara, kamar masu su."

Ba wanda ya yi dariya. Modibbo ya ajiye allo, ya kwance igiyar a hankali, yana juya sandunan ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro wata mai zane uku a wuya, zanen da shi da kansa ya yi da wuƙa mai zafi. Ta Yusuf ce. Ya daɗe yana shafa ta.

"Ba'ara," ya ce, "an ce mana kun dafa shinkafa da su."

"Mu da Allah ya hore wa karan dawa? Mi za mu yi da tsinken Hillani?"

Wani tsoho ya yi tari don ya ɓoye dariya. Kafin ka ce kwabo, yara sun fito daga bukkoki sun yi caa a kan damin, kowa yana neman tasa. Samarin nan suka sassauta riƙon da suka yi wa nasu sandunan. Da Sahura ta tsaya a nan, da ta koma gida da yabo. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta jawo Mus'ab daga bayan zanenta ta tsayar da shi a gaba.

"Saura ɗaya. Wanga shi ya halbi Yusuf. Jikana ne. Danƙon kuwa ni na ba shi da hannuna, bayan an karɓe na kowa."

Ɗaya daga cikin samarin ya yi taku biyu, Modibbo ya ɗaga hannu ba tare da ya dube shi ba, saurayin ya tsaya. Sai ga Habiba, uwar Yusuf, ta fito daga bukka, idanunta jawur don kwana biyu ba ta runtsa ba.

"Inna, wasan taubashi na baki ne," ta ce. "Idon ɗana ba ya cikin wasa."

Sahura ta durƙusa a gaban macen da ta kusa haifa. "Gaskiyarki. Wasan na Modibbo ne, wurinki ban zo da wasa ba. Ga mu, ni da shi. Ki yanke."

Habiba ta daɗe tana kallon yaron. Majina da hawaye sun haɗu a fuskarsa, ya ƙanƙame bakin zanen kakarsa. Daga baya ta gaya wa mata cewa ta fito ne da niyyar marinsa, sai ta ga tsawonsu ɗaya da Yusuf.

"Ya rufe wa ɗana ido," ta ce. "To ya zama idonsa. Kullum da safe ya zo nan. Ya kama hannunsa ya kai shi inda zai je, ya sa masa ƙwarya a hannu, ya raka shi likita. Har ranar da za a kwance. In ido ya buɗe, shi ke nan. In bai buɗe ba, sai mu sake zama."

Daga baya aka ji muryar Bilyaminu. "Ni zan riƙa kai su Dumega a babur."

Kwana tara aka yi a haka. Kwana biyun farko Yusuf ya ƙi ba Mus'ab hannu, sai dai ya riƙe bakin rigarsa. A na huɗu an ji su suna gardama kan wanda ya fi iya kukan kurciya. Sahura kuwa tana dafa wa rabin makaranta abinci, tana kallon gefen tabarmar da 'yan ruga suka saba zama. Ta rame, goro ma ta daina ci.

Ranar da za a kwance, ta ɗora shinkafa ta manta da ita, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana tsaye a bakin rumfa, kunnenta yana hanyar Dumega. Wajen azahar ta ji ƙarar babur. Bilyaminu ya tsaya, yaran biyu suka sauko. Ba naɗi a fuskar Yusuf, sai ɗinki baƙi a saman gira. Yaron ya sa tafin hannu ya rufe idon dama, ya dubi bayanta da na hagun, ya ce, "Ba'ara, tukunyarki tana hayaƙi."

Nan ta zauna a ƙasa daɓas, ta yi kuka har da shessheƙa, tana "Alhamdu lillahi" ba ƙaƙƙautawa. Ranar nan yaran Tungar Ɗinya ƙanzo suka ci, ba wanda ya yi ƙorafi.

Asabar aka taru a gindin ɗinya, gari da ruga. Mushe Abdurrahman ya miƙe ya ce ya yi kuskure don bai tambaya ba, ya nemi gafara, abin da ya ƙara masa girma a idon mutane. Modibbo ya ce yara za su koma, amma sanda ba ta zama a hannun kowa sai Ba'ara. Dattawa suka ɗauki nauyin kwari. Kullum da yamma mutum ɗaya daga gari, ɗaya daga ruga, su shimfiɗa buzu a mararraba su yi ta tsokanar juna har yara su wuce. Bilyaminu da abokansa, waɗanda a da suke ganin wasan taubashi ɓata lokaci ne, suna cikin waɗanda ba su taɓa fashin ranarsu ba. Sahura kuma ta sauya yadda ake zama cin abinci. Kowane faranti uku na gari, uku na ruga, kuma duk biyun da suka yi faɗa, su ne za su kankare mata tukunya tare. Wanda ya taɓa kankare ƙanzon tukunyar mutum ɗari da hamsin ba ya marmarin sakewa.

Kada wani ya ce na ce yara sun zama mala'iku. Har gobe suna musu, suna zagi, wani lokaci a yi kokawa a tashi da ƙasa a ka. Amma malaman da suka zo suka wuce, da dattawan da suka zauna a mararraba, duk sun shaida cewa shekara goma sha huɗu ke nan jini bai sake zuba a kwarin nan ba. Wata makaranta ta wajen Gesheme ma ta aiko a ga yadda ake yi. Suka tambayi Inna sirrin, ta ce ba ta da sirri, ƙusa ce da igiya.

Inna Sahura, ke ce kika ƙi ƙone abin da aka ce ki ƙone, kika kuma ƙi ɓoye abin da aka ce ki ɓoye. Ke ce kika ɗauki jikan da kike so fiye da ranki, kika kai shi gaban waɗanda ya ɓata wa, kika fara da faɗin laifinki kafin nasa. Mai murhu uku, uwar gari uwar ruga! Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, takardar yabo ko ɗaya ba ta rataye a ɗakinki. Amma akwai samari a yankin nan da ke gani da ido biyu, suna tafiya da ƙafafunsu, ba su taɓa kwana a hannun jandarma ba, kuma da yawansu ba su ma san saboda ke ne ba.

Gwiwoyi ne suka ce ta huta. Ranar Alhamis aka yi mata taron sallama a filin makaranta. Mus'ab ya zo daga Dutsi inda yake gyaran babur. Yusuf ya zo daga ruga, dogo, da tabo a saman gira, ya baro shanu a hannun ƙanensa. Modibbo ya tsufa, Habiba ce ta riƙo shi. Da aka gama jawabai, ya sa Yusuf ya kwance wani abu dogo da aka naɗe a zane. Sanda ce sabuwa, an gasa ta, an miƙar, tana sheƙi da man shanu, da zane uku a wuya.

"Ba'ara," in ji Modibbo, "tunda tuwo ya karya miki gwiwa, ga tsinken Hillani ki dogara."

Ta karɓa da hannu biyu.

Mun gode, Inna. Allah ya saka da alheri, ya sa ki gama lafiya. Ku kuma masu karatu, kowane gari yana da kwarinsa inda yara ke haɗuwa ba babba a kusa. Ba sai an jira takarda daga Yamai ba. A je a shimfiɗa buzu a zauna, a kuma kula da abin da ake faɗa a gaban yaro lokacin cin tuwo.

Jiya Litinin, an ce ta huta, amma ƙafar da ta saba ba ta jin magana. Da hantsi sai ga ta tana dogara sabuwar sandarta, ta nufo rumfa wai ta zo ganin ko Rumaisa'u, wadda ta gaje ta, ta iya gishiri. Tana shirin shiga, sai Rumaisa'u ta tare ƙofa ta miƙo hannu biyu. Yara suka yi cirko-cirko suna kallo.

"Inna, doka doka ce."

Sahura ta dubi sandar, ta dubi yaran. Ta miƙa, aka jingine ta a layi tare da sauran, ita ce mafi tsawo. Sannan ta dafa kafaɗar wani ɗan ruga da ta wani ɗan gari, suka shigar da ita ciki.